Yadda na daidaita takin tsirran akwatin kifina bayan ganyayen sun fara rawaya

Akwatin kifin da nake magana a kai na gilashi ne, tsawonsa santimita 80, faɗinsa 35, tsayinsa 40. Idan aka cire wurin da yashi da duwatsu suka cinye, ruwan da ke ciki bai wuce lita 100 ba, kuma duk lissafin da zan kawo a nan a kan wannan adadin na gina shi. A Kano nake zaune, ruwan burtsatse nake zubawa, kifayen kuwa 'yan ƙanana ne, gofi da tetra, ba su da wani yawa. Lokacin da tsirran suka fara lalacewa na sha tambaya, kowa da amsarsa, kuma rabin amsoshin kwalba ce ake so in saya. Shi ya sa na ga ya dace in jera abin da ya faru daki-daki, ko wani zai tsira da kuɗinsa da kifayensa.

Mai shagon da na sayi tsirran a wurinsa mutumin kirki ne, sai dai kifi ya sani, tsiro kuwa sayarwa kawai yake yi. Na ɗauki Anubias mai kaurin ganye, da Vallisneria mai dogayen ganye, da wanda ake ce wa takobin Amazon, da Cryptocoryne, da kan bado ja guda ɗaya. Anubias ɗin ya fi duka tsada, wai don daga waje aka kawo shi, alhali asalinsa tsiron rafukan dajin kudu maso gabashin Najeriya ne da Kamaru; ana renonsa a gonakin ƙasashen waje a dawo mana da shi da kuɗin jirgi a kansa. Kainuwa kuwa a kududdufi na ɗebo, na bar ta a bokiti ina sauya mata ruwa har sai da na tabbatar babu dodon koɗi ko matsattsaku a saiwarta. Da na tambayi mai shago maganar taki, dariya ya yi ya ce, "Haba Alhaji, ai kashin kifin ya ishe su. Ka dai bar musu fitila a kunne." Abu ɗaya da ya faɗa min daidai shi ne kada in binne jijiyar Anubias a yashi, in ɗaure ta da zare a jikin dutse ko icce, don in aka binne ta ruɓewa take yi.

Tun ba a je ko'ina ba, a makonnin farko, ganyen Cryptocoryne ya narke ya zama yauƙi, na takobin Amazon ya yi shara-shara, wata ƙura mai launin ƙasa ta lulluɓe gilashi da duwatsu. Hankalina ya tashi, don kuɗi ne nake kallo suna narkewa. Amma wannan matakin ba na taki ba ne ko kaɗan. Yawancin tsirran da ake sayarwa a sarari ake renonsu, saiwa cikin danshi ganye a iska, saboda sun fi saurin girma a haka. Da an nutsar da su sai su zubar da ganyen iska su fito da na ruwa. Muddin saiwar tana da ƙarfi, a bar ta inda take. Ƙurar nan ma baƙuwar sabon akwati ce, da kanta take ja da baya. A daidai wannan lokacin ne kuma ƙwayoyin bakteriya suke kafuwa a cikin filta, masu juya amoniyar da ke fita daga kifi zuwa naitrait, sannan zuwa naitret, aikin da kan ci mako huɗu zuwa shida. Duk wanda ya ga narkewar nan ya ruga ya antaya taki, gansakuka ya ciyar, domin tsirran ba su da ganyen da za su sha shi tukuna.

Wajen wata na biyu zuwa na uku ne ainihin matsalar ta fito. Sabbin ganye sun toho, sai kuma komai ya tsaya cik. Tsofaffin ganyen takobin Amazon suka riƙa yin rawaya daga baki suna cin ciki, wasu da ƙananan huji girman bakin allura masu rawayar da'ira kewaye da su. Gilashin ya yi ɗigo-ɗigon kore mai tauri wanda soso ba ya fitarwa sai reza, ga zaren gansakuka ya nannaɗe Vallisneria. Na koma shago, aka miƙo min kwalbar taki ta waje wadda kuɗinta ya fi na dukan kifayen da ke akwatin. Na bi umarnin da ke jikinta tsaf, na jira, babu abin da ya canza sai gansakuka da ta ƙara ƙiba. Sai da na sa tabarau na karanta ƙananan rubutun bayanta na ga abin da ke ciki: ƙarfe, manganis, boron, zink da makamantansu, wato sinadaran da tsiro ke buƙata kaɗan-kaɗan. Naitrojin da fosfaras da fotashiyam, waɗanda su ne babban abincin, ɗan abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Kwalbar ba jabu ba ce, an yi ta ne don akwatin da ke cike da kifi, inda abinci da kashi ke samar da naitrojin da fosfaras. Nawa akwatin tsirrai sun fi kifi yawa nesa ba kusa ba.

Ana cikin haka kawuna ya zo gari, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana noman rani a Kadawa. Ya durƙusa gaban gilashin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, wannan ai yunwa ce. Masara ma in ta rasa yuriya daga ganyen ƙasa take fara rawaya. Ka ɗan barbaɗa musu kamfa." Na ce, "To Kawu, bari in bincika tukuna, kada kifin su sha." Gano cutar da ya yi daidai ne ɗari bisa ɗari, kuma ya fi duk bayanin da na samu a shago. Naitrojin, fosfaras, fotashiyam da magniziyam suna iya yawo a jikin tsiro, don haka in sun yi ƙaranci sai tsiron ya janye su daga tsohon ganye ya ba sabo, alamar ta fara daga ƙasa. Ƙarfe da kalsiyam ba sa yawo, shi ya sa rashinsu a sabon toho yake bayyana. Maganin da ya bayar ne ba ya shiga akwatin kifi. Yuriya, mai kashi 46 cikin ɗari na naitrojin, amoniya take zama a ruwa. Kamfa ma, wato takin zamani na 15-15-15, yawancin naitrojin ɗinsa ta wannan hanyar yake zuwa. Amoniya tana ƙona hanyar numfashin kifi, kuma gubarta ƙaruwa take yi idan ruwan ya yi ɗumi ko ma'aunin pH ɗinsa, mai nuna tsami ko rashin tsamin ruwa, ya haura 7, abubuwa biyun da ba a rasa su a garinmu. A gona ƙasa ce ke riƙe ta. A lita 100 na ruwa babu inda za ta je sai jikin kifi.

A intanet kuma wata duniya na tarar. Akwai tsarin da wani Ba'amurke mai suna Tom Barr ya yaɗa, wanda aka sani da EI: a zuba taki fiye da buƙata kusan kullum don kada komai ya yi ƙaranci, a ƙarshen mako a zubar da rabin ruwan a sake sabo. Hotunan akwatunan masu bin tsarin suna ɗaukar ido, amma in ka duba da kyau duk suna da fitila mai ƙarfi da tukunyar iskar kabon mai matsi. Akwai kuma masu bin hanyar Diana Walstad, ƙasar lambu a ƙasa, yashi a sama, ba a zuba taki kusan gaba ɗaya. Kowane ɓangare yana da gaskiya a cikin akwatinsa. Abin da ya warware min rikicin shi ne tsohuwar ƙa'idar da ake dangantawa da Justus von Liebig, masanin sinadarai na Jamus a ƙarni na 19: girman tsiro ba ya bin jimillar abincin da aka ba shi, yana bin abin da ya fi ƙaranci ne. Durom mai huji a ƙasa, ko tanka guda ka juye masa, ruwan ba zai wuce bakin hujin ba. Ni ƙarfe nake ta zubawa, hujin kuwa yana wajen naitrojin.

Daga nan na daina sayen komai sai kayan gwajin ruwa. A Legas na samo su, aka sa min a motar haya, na yi ta jiran kiran direba har na fara fitar da rai, sannan na je tasha na karɓa. Kuɗinsu ya ɗan girgiza ni, amma su ne abu na farko da na saya wanda ya biya kansa. Na ɗauki na naitret da na fosfet, wato naitrojin da fosfaras ɗin da tsiro ke sha a ruwa, na pH, da na taurin ruwa iri biyu, GH mai auna kalsiyam da magniziyam, da KH mai auna kabonet. A duba ranar lalacewarsu kafin a biya, domin wanda ya kwana biyu a shago ƙarya yake faɗa. Gwajin naitret yana da wata fitina: kwalbarsa ta biyu akwai garin da ke kwantawa a ƙasa, sai an girgiza ta da ƙarfi na daƙiƙa 30, har a bubbuga ta a tafin hannu, a ɗiga, a girgiza bututun gwajin minti guda, a jira minti biyar. In aka yi ganganci a nan sakamakon zai nuna babu naitret ko da ruwan cike yake da shi. Launin kuma a hasken rana ake karanta shi, a jingina bututun da farin katin. A ƙarƙashin ƙwan ɗaki ruwan lemo da ja duk ɗaya suke zama.

Na gwada ruwa biyu, na akwatin da na burtsatsen da nake zubawa, na rubuta a littafi. Na burtsatse yana ɗauke da ɗan naitret, ƙasa da miligiram 10 a lita, amma gwajin na akwatin rawaya fes ya fito, alamar babu naitret, wato tsirran sun shanye duk abin da ya shigo. Fosfet ma babu. Ma'aunin pH yana wajen 7.6, GH kuma ƙasa-ƙasa, wajen 4. Kada wani ya ɗauki waɗannan lambobin a matsayin na Kano. Burtsatsen maƙwabcinka ma zai iya bambanta da naka, kuma na kusa da masai ko bola yakan zo da naitret mai yawa har ba sai an ƙara ba. Mai sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ya fi kowa buƙatar gwaji, tunda yau daga nan aka ɗebo gobe daga can. Mai ruwan famfo kuma sai ya kashe kulorin da maganinsa kafin ya zuba, don yana kashe bakteriyar filta.

Na tura lambobin da hotuna ga wani dattijo da ya daɗe a harkar, ina sa ran ya ce in zuba kaza da kaza. Sai ya amsa da tambaya: "Malam, awa nawa fitilarka take kunne?" Daga asuba ne har bayan isha'i, saboda yara suna son kallo da safe, ni kuma da dare, ga ranar yamma tana shigowa ta taga tana dukan gefen gilashin. Ya ce, "To a nan gizo ke saƙar. Rage wutar tukuna, sannan mu yi maganar taki." A ganina wannan ita ce magana mafi muhimmanci a harkar gaba ɗaya, kuma ita ce ba a faɗa a shago tunda babu abin sayarwa a ciki. Haske ne ke tura tsiro aiki. In ya yi yawa, buƙatar kabon da taki sai ta ninka, kuma a akwatin da ba a tura masa iskar kabon, wanda ke narke a ruwan kaɗan ne ƙwarai, miligiram biyu ko uku a lita. Tsiro ya ƙarar da shi cikin 'yan awoyi ya tsaya, sauran hasken ya zama rabon gansakuka. Na mayar da fitilar awa shida a rana, na sa labule a tagar, na ɗaga fitilar sama kaɗan. Na'urar saita lokaci mai juyawa ba ta yi min aiki ba, domin duk lokacin da aka ɗauke wuta agogonta tsayawa yake yi, sai ka ga fitila ta kama ƙarfe biyun dare. Mai batir a ciki ce ta yi, daga baya ma na mayar da fitilar da filtar kan sola. Na yanke duk ganyen da ya lalace, na kankare gilashi, na jira mako biyu ban taɓa komai ba. Jiran nan ya fi komai wuya.

Samo takin ya ɗan ba ni yawo. Abin da ake nema gishiri ne tsantsa, kowanne da sunansa a jiki: fotashiyam naitret, mono-fotashiyam fosfet, fotashiyam salfet, da gishirin Epsom wanda shi ne magniziyam salfet. Na ƙarshen a kemis ake samunsa da arha. Sauran a wurin masu sayar da kayan noman rumfa da noman da ba ƙasa na same su, kuma ƙaramin ƙulli ya isa shekara da ɗoriya. In mai sayarwa ya tambaye ka me za ka yi da fotashiyam naitret kada ka ji haushi, kaya ne da ake sa wa ido a ƙasashe da dama saboda tsaro. Sai ƙaramin sikelin dijital irin na masu gwal, da sirinji mai mililita 10. Lissafin ba shi da wuya. Giram ɗaya na fotashiyam naitret a lita 100 yana ba da kusan miligiram 6 na naitret a kowace lita, da kusan 4 na fotashiyam. Giram ɗaya na mono-fotashiyam fosfet yana ba da kusan 7 na fosfet, wanda ya yi yawa sosai a zuba lokaci guda. Giram ɗaya na fotashiyam salfet yana ba da kusan 4.5 na fotashiyam, na gishirin Epsom kuma kusan 1 na magniziyam.

Tunda auna ɗan mitsitsin gari kullum aiki ne, sai na jiƙa su. Giram 40 na fotashiyam naitret a rabin lita na ruwa mai tsabta, mililita 10 daga ciki yana ƙara wa akwatina kusan miligiram 5 na naitret a lita. Giram 7 na fosfet ɗin a wata rabin litar, mililita 5 yana ba da rabin miligiram. Kwalbar nan mai tsada da na fara saya ba ta tashi a banza ba, ita ta zama ta ƙananan sinadarai. Kada a haɗa ƙarfe da fosfet a kwalba ɗaya, kamawa suke yi su kwanta a ƙasa su zama abin da tsiro ba ya iya sha; ko a akwatin ma rana daban-daban nake zuba su. Kuma don Allah kada a zuba a robar lemo a ajiye inda yaro zai gani. Nawa a kwalabe masu duhu suke, da rubutu ɓaro-ɓaro, a saman kabad.

Tsarin da na fara da shi mai sauƙi ne. Ranar Asabar in cire kashi ɗaya cikin uku na ruwan da tiyo, ina zuƙe dattin saman yashi, in zuba sabo da bokitin da sabulu bai taɓa shiga ba. Sai mililita 10 na naitret, 5 na fosfet, giram ɗaya na fotashiyam salfet, giram biyu na Epsom. Lahadi ƙananan sinadarai. Talata in maimaita naitret da fosfet, Laraba ƙananan sinadarai, Alhamis da Juma'a hutu. Kafin canjin ruwa na Asabar in gwada, burina naitret ya tsaya tsakanin 10 da 20, fosfet tsakanin rabi da 1. Takobin Amazon da Cryptocoryne da bado kuwa ta saiwa suka fi ci, yashi zalla kuma babu komai a cikinsa, don haka na tura musu ƙwayoyin takin binnewa har ƙasan gilashi kusa da saiwa, ina sabuntawa bayan kamar wata uku. Wanda ya binne irin waɗannan kada ya riƙa tumɓuke tsiro yana sauya masa wuri, takin zai tashi cikin ruwa.

Kainuwa ce ta fara ba da amsa, kuma daga ranar na mayar da ita ma'aunina na kullum. Ana yi mata kirari da dashen Allah, amma a akwati ita ma sai an ciyar da ita. Da yake ganyenta a sama yake, tana shan kabon daga iska, haske kuma ita ke fara samu, don haka in ta yi rawaya ko ta ƙanƙance babu wani zargi sai taki. In kuwa tana kore shar tana haihuwa amma na ƙasa suna wahala, to a nemi matsalar wajen kabon, ko haske, ko gudun ruwa. Cikin mako guda sabbin 'ya'yanta suka fito kore masu faɗi, saiwar da ta yi tsawo tana neman abinci ta fara fitowa gajera. Na ƙasa sun fi jinkiri. Sai wajen mako na uku takobin Amazon ya fito da ganye babu huji, ɗigon koren gilashi ya ragu bayan fosfet ya samu. Tsohon ganyen da ya yi rawaya ba ya komawa kore har abada, duk mai jiran haka zai yi zaton takin bai yi aiki ba ya ƙara. Sabon toho ake kallo. Kainuwar ma sai an riƙa kwashe ta duk mako, in ba haka ba ta rufe saman ruwa ta hana na ƙasa haske ta kuma shanye rabonsu.

Da girma ya kankama sai wani hujin durom ɗin ya bayyana. Sabbin ganye suka fara fitowa fari-fari, jijiyoyinsu kore, alamar rashin ƙarfe, alhali ina zuba shi sau biyu a mako. Dalilin yana cikin pH. Ƙarfen da ake sayarwa ana ɗaure shi da wani sinadari don kada ya kwanta, kuma wanda aka ɗaure da EDTA yana sakin sa idan pH ya wuce kamar 6.5. A ruwa irin nawa na DTPA ne ke jurewa, har wajen 7.5. Akwai na EDDHA da ya fi su duka juriya, amma yana rina ruwa ja-ja. Na samo na DTPA, ina ɗiga kaɗan da safe kafin fitila ta kama, sabon toho ya dawo da launinsa. Ban sayi kayan gwajin ƙarfe ba, ganyen ya ishe ni.

Kwaɗayin jajayen tsirrai ya sa na gwada iskar kabon ta gida: roba mai lita biyu, sukari, yis da ruwa, da siririn tiyo zuwa cikin akwati. Na sa ɗan gilashin nan mai ruwan shuɗi da ke zama kore idan kabon ya kai wajen miligiram 30 a lita, ya zama rawaya idan ya wuce kima. Kwanakin farko abin gwanin sha'awa, ganye har kumfar iska yake fitarwa da yamma. Amma a zafin garinmu yis gudu yake yi, ya tafasa kwana biyu ya mutu a na biyar, iskar yau da yawa gobe babu. Wannan hawa da saukar shi ke kawo baƙar gansakuka mai gashi, kuma sai ga ta a gefen ganyen Anubias, inda ta fi wuyar fita. Ga shi yis ba ya barci, da dare tsirrai sun daina shan kabon suna shan iskar shaƙa tare da kifi, wata asuba na tarar da tetra duk sun taru a sama suna haki. Na canza rabin ruwan nan take, na cire robar, ban sake mayarwa ba. Ruwan kwalba da ake kira kabon na ruwa ma na bar shi, domin yana ɗauke da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, yana taimakawa wajen gansakuka amma Vallisneria ba ta shiri da shi. Wanda ba zai iya sayen tukunya mai matsi da na'urar rufe ta da dare ba, ya zauna a kan tsirrai masu haƙuri da ƙaramin haske, ya fi masa kwanciyar hankali.

Yanayi ma yana taɓa lissafin. Daga Maris zuwa Mayu ruwan akwatina yakan haura digiri 30, ruwan ɗumi kuma ba ya riƙe iskar shaƙa sosai. Nakan buɗe murfi in sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwa, in juya bakin filta ya riƙa motsa shi, in rage wa kifi abinci. Ruwa yana ƙafewa da sauri a lokacin, kuma abin da ya tashi ruwa ne zalla, gishirin yana nan. Cikawa kawai ba tare da zubarwa ba yana tara taurin ruwa da naitret a hankali, don haka canjin Asabar ba ya faɗuwa ko da an cika sau uku a mako. Da hunturu kuwa girma raguwa yake yi, gwaji ya nuna naitret yana taruwa, sai in soke zubin Talata har sanyi ya wuce.

In da zan sake farawa, kuɗin farko a kayan gwaji da na'urar saita fitila zan sa shi, taki ya biyo baya. Zan cika akwatin da tsirrai masu saurin girma tun ranar farko, domin su ne ke hana gansakuka samun wuri, masu tsada su zo daga baya. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda a ba shi mako biyu ko uku. Wanda ya rage haske, ya ƙara taki, ya sauya filta duk a rana ɗaya, ko abin ya gyaru ba zai san me ya gyara shi ba. Yawan kifi ma yana cikin lissafi: da na ƙara gofi suka hayayyafa, naitret ya fara isa da kansa, na rage na kwalba zuwa rabi, fotashiyam da ƙarfe ne kawai ban taɓa ba tunda abincin kifi ba ya kawo su da yawa. Yanzu sau ɗaya a wata nake gwaji, sai in kainuwa ta canza launi. Idan tafiya ta kama ni ta mako ɗaya ko biyu ba na barin wa kowa sirinji. Nakan canza ruwa kafin in fita, in mayar da fitila awa biyar, in ƙulla abincin kifi na kowace rana a takarda daban, taki kuma ya jira ni.